Ƙanƙara a Kan Rufin Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya fama da jama'a? Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Maigidana yana gaishe ka. Baba kuma ya ce in gaya maka man ƙafar da ka aiko ya iso, yana shafawa in ya ga dama.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Dalili shi ne a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na ambaci Baba sai ka ce ai dama ka faɗa, daga nan sai mu yi ta yi har kati ya ƙare. Takarda dai ba za ka iya katse ta ba.

Ƙanƙarar da ka ji labari gaskiya ce. Da la'asar ina kan keken ɗinki gari ya haɗe, iska ta tsaya cak, sai na ji kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Kafin in tattara yadin mutane ƙarar ta kai ba ka jin maganar na kusa da kai. Wasu ƙwayoyin sun kai ƙwan tantabara. Ba ta daɗe ba, amma da ta ɗauke ganye ya rufe layinmu gaba ɗaya, gilashin motar maƙwabcinmu direba ya tsage, robobin wankin da aka bari a waje duk sun fashe. Ko mayafi ban gyara ba na nufi gidan Baba. Na same shi a baranda da rediyonsa a cinya, yana tambayata ko wani ne ya biyo ni.

Ban manta da maganar da muka yi bayan rasuwar Mama ba. Kai ka ce ya dawo wurinka a zuba 'yan haya a gidan, ni na ce a bar shi inda ya saba, shi kuma ya ce ba inda za shi. Aka rabu a kan damina ce za ta raba gardama: in ya iya riƙe gidan da kansa ka bar maganar, in gida ya fi ƙarfinsa ni ba zan ƙara buɗe baki ba. To ga damina ta zo da ƙanƙara a gaba, ga kuma yadda aka yi.

Bai hau a ranar ba, don har yanzu yana kan dokarsa ta ba a taka jiƙaƙƙen kwano. Washegari da safe ya sa na riƙe masa tsani, ya kwashe ganyen da ya toshe indararo. Da rana ta take tsaka ya ɗauki allinsa, ya shiga cikin silin ta ƙaramar ƙofar nan ta sito, ya ja murfin ya rufe. Ka tuna bayanin da yake mana muna yara. Ƙanƙara ba ta cika huda sabon kwano ba, lotsa shi take yi. Amma tsohon kwano, inda tsatsa ta ci, da gindin ƙusa inda robar ta bushe, nan take buɗe ƙananan huji da ba a gani daga sama. Daga ciki ake kama su, cikin duhu, in rana ta tsaya a ka. Kowane huji sai ya zama ɗigon haske, ka zagaye shi da alli, kafinta ya zo ya bi alamar. Tocila ba ta da amfani a nan, ita ce ma ke ɓoye su.

Ya daɗe a ciki har na fara ƙwala masa kira. Ya sauko da yanar gizo-gizo a hula, ya karkaɗe riga, ya ce rufi lafiya lau, ko huji ɗaya babu. Ya mayar da allin aljihu yadda ya fito da shi.

Masu yawo da tsani kuwa sun cika unguwa. Da an yi ƙanƙara ban san daga wane rami suke fitowa ba. Su ƙwanƙwasa ƙofa, su ce sun hango ɓarna daga titi, in ka bar su suka hau sai su lalata abin da ƙanƙara ta bari. Biyu sun zo wurin Baba. Ya tambaye su ina ake sa ƙafa a kan kwano, suka yi wuƙi-wuƙi, ya ce a kan layin ƙusa ne inda katako yake a ƙasa, su je su gaida gida.

Saboda haka ka kwantar da hankalinka. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran agogo, yana tsinto ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba, ba hujin kwano ne zai ɓace masa ba. Ba dariya nake maka ba, amma dai ka ji.

Ka gaida Anti da kyau, ka shafa mini kan yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Auta


Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin da ka ce 'yar ƙaramarku ta yi ya sauka. Amsarka ta iso, na ga inda ka ja layi a ƙarƙashin “mu dai gani”. A lokacin na ji haushi. Yau kam ba ni da bakin jin haushi.

Wannan ce takarda ta biyu da na rubuta yau. Ta farkon na yage ta don na so in ɓoye maka, sai na ga in na ɓoye maka ban san wa zan gaya wa ba.

Tun bayan ƙanƙarar an yi ruwa sau da dama. Shekaranjiya na je yi wa Baba shara, na buɗe ɗakin Mama don ya sha iska, sai warin danshi ya tare ni. Na ɗaga kai, ga tabo a silin, faɗinsa ya kai tire, gefensa har ya fara kumbura. Na leƙa ɗakin Baba, ga wani ƙarami daidai saman gadonsa. A nan yake kwanciya rigingine kullum yana sauraron rediyo, fuskarsa na kallon wurin. Na tambaye shi ko ya lura da wani abu a ɗakin, ya ce me kuma na ɓatar.

Na jira ya fita hira wurin abokinsa mai kanti, na gyara ɗaurin zane, na jingina tsani a sito. Ka san ni da tsoron ɓera, amma na hau. Na ja murfin na rufe yadda yake yi, na tsuguna a kan katako don kada allon silin ya burma da ni, na jira idona ya saba da duhu.

Yaya, rufin nan kamar rariya yake. Haske ta ko'ina, wasu a jere bisa layin ƙusoshi, wasu a warwatse, wani ma har kan hannuna ya sauko, ƙura na yawo a cikinsa. Ba sai an nema ba. A jikin kwanon kuma ga tsofaffin da'irorin allinsa na shekarun baya, kowacce ƙarama, tsaf, da tabon kwalta a tsakiyarta. Ta bana babu ko ɗaya.

Na zauna a wurin zafi yana dafa ni, abubuwa suka riƙa dawo mini. Yadda yanzu yake sa yatsa a bakin kofi in zai zuba shayi. Yadda ba ya gaida mutum sai mutumin ya fara magana, mu muna cewa tsufa ne ya zo masa da jan aji. Yadda ya rufe shagon agogo ya ce waya ta kashe sana'ar, muka yarda. Ganyen indararon ma da hannu ya lalube shi, ni ina ƙasa riƙe da tsani ina yaba masa ƙwazo. Baba ba ya gani, Yaya, ko kuma abin da yake gani bai taka kara ya karya ba. Na yi kuka a cikin silin ɗin nan har ƙura ta manne mini a fuska.

Da na sauko na kira kafintan da ya gyara wa Mama ƙofar kicin, don shi dai mun san gidansa mun san aikinsa. Ya shimfiɗa tamfol a kan ɗakunan biyu ya ɗaure, kafin a san abin yi. Na ɗauki hoton tabon da na rufin, zan turo maka. Na kwashe akwatunan Mama zuwa falo, na ja gadon Baba gefe na ce masa shara nake. Da ya dawo iska tana kaɗa tamfol ɗin, ƙarar tana cika gidan. Mutumin da ko ganye ya faɗo kan kwano sai ya tambaya, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali.

Na san alkawarin da na yi. Amma don Allah kada ka kamo hanya tukuna, kada kuma ka kira shi da maganar. In ya ji daga bakinka zai ɗauka mun haɗa kai ne, ya kafe, ka san shi. Ka bar ni in kai shi asibiti mu ji daga bakin likita.

Ka gaida mutanen gida. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Auta


Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Na gode da ka riƙe bakinka, na san ba ƙaramin aiki ba ne a wurinka.

Mun je asibiti. Na yi ta shirya dabarar da zan ja shi da ita, ƙarshe dai na zauna a gabansa na ce masa na hau silin. Bai tambaye ni me na gani ba. Ya ce in ɗauko masa hularsa.

Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ba ya ciwo, daga gefe yake cin gani a hankali har mutum ya saba bai sani ba. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama akwai saura, amma kamar mai leƙe ta bututu yake, cikin duhu kuwa ba ya amfanar komai. Ya ba mu maganin ɗigawa don a tsayar da abin inda yake. Ya ce akwai aikin da ake yi don a ceci ragowar, sai dai ba a nan ba, sai babban asibiti irin wanda ke kusa da ku. Na so in tsallake wannan layin, amma ga shi na rubuta.

Da muka dawo muka zauna a baranda, ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce ranar da ya ja murfin nan ya rufe, ya jira idonsa ya saba da duhu kamar kullum, duhu ya ƙi sakewa. Ya juya gabas ya juya yamma, ya rarrafa har saman ɗakin Mama, babu ɗigon komai. Ya ce a ransa ya san ƙanƙara irin wannan ba za ta sauka kan kwano mai shekaru irin nasa ta tafi ba ta bar huji ba. To ko dai rufi ne lafiya, ko kuma idonsa ne ya ƙare. Yana zaune da allin a hannu sai ya ji ina kiransa daga ƙasa, sai ya zaɓi wanda zai iya faɗa. Bai yi kuka ba, Yaya, ni ce na yi, har yana ce mini in bari kada maƙwabta su ɗauka rasuwa aka yi.

Aikin rufi dai ya kankama. Na sake hawa da tsakar rana na zagaye kowane huji da alli, da'irorina duk a karkace. Kafinta ya ce na saman ɗakunan biyu ba faci za a yi musu ba, kwalta rufin asiri ce ta damina ɗaya, sai dai sabon kwano. Sauran wuraren kuma a zare tsofaffin ƙusoshi a sa masu roba. Ya bi katakon yana caka masa sukudireba, inda ta nutse ya ruɓe ke nan, aka canza. Reshen bishiyar da ke gogar rufi ta bayan gida ma an sare shi. Baba ya so ya yi gardama, na ce shi ya koya mana.

Da ka ga Baba ranar da ake kafa kwano. Ya sa an fito masa da kujera tsakar gida, ya karkata kai. Da guduma ta sauka sai ya ce wannan ƙusar ba ta sami katako ba, a zare. Kafinta ya leƙo ya ce ya aka yi ya gani daga can, Baba ya ce da kunne. Rabon da in ji dariyarsa irin ta ranar tun Mama tana da rai.

Yanzu ga maganata, kuma ba zan ɓoye maka ba, hanyar zamewa daga alkawari nake nema. Cewa muka yi in gida ya fi ƙarfinsa. To gida ga shi ana gyarawa, ido kuma ni zan zama masa. Na koyi aikin. Duk ranar da aka yi ƙanƙara zan hau, shi ya zauna a ƙasa ya ba da umarni, wanda dama shi ya fi iyawa. A gidan nan ya san inda kowane dakali yake, ƙafarsa ta haddace hanyar banɗaki da ta kanti. In ka ɗauke shi ka kai shi inda bai sani ba, ranar ne zai makance da gaske. Aikin idon kuma mu zo a yi mu dawo. Na san za ka ce taurin kai ne. Ba musu, gado na yi, kuma kai ma ba a bar ka a baya ba.

Ka yi tunani kafin ka amsa. Gaisuwa ga Anti da yara.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta


Yayana,

Bayan gaisuwa, ina fata wannan ta same ku lafiya. Kada gabanka ya faɗi, Baba yana nan da sauƙi, yanzu haka yana baranda. Shi ya ce in rubuto, ya kuma ce kada in ƙara gishiri.

An gama kwano, yoyo ya tsaya. Amma allon silin ɗin ɗakin Mama ya riga ya sha ruwa ya ƙoshi. Kafinta ya ce a sauke shi, don jiƙaƙƙen silin ba ya komawa daidai ko rufi ya gyaru. Baba ya ce a ɗan bar ɗakin yadda yake tukuna, muka bari. Ranar Talata da safe allon ya rufto. Baba ya ji ƙarar ya shiga dubawa, ya taka ɓaraguzan, santsi ya kwashe shi. A ƙasa na same shi da na kawo masa abincin rana. Ƙashin wuyan hannunsa ya tsage, an ɗaure, likita ya ce zai haɗe.

Ya ce mini ba hannun ne ya dame shi ba. Yana kwance yana jin wani abu yana ƙara a samansa, ya buɗe ido iya buɗewa yana kallon sama, bai san ko ragowar ce za ta faɗo masa ba, bai kuma san ta wane gefe zai mirgina ba. Haka ya kwanta rabin yini a ɗakin matarsa, a gidan da ya kafa wa kowace ƙusa.

Na ce to zan tattaro kekena in dawo gidan, maigidana ma ya yarda, Allah ya saka masa. Baba ya ce a'a. Ya ce bai aurar da ni don in dawo gadin rufi ba, kuma da bakinsa ya amince da sharaɗin damina, ba zai zama dattijon da ake lallaɓa wa magana ba. Ragowar idon nan kuma, in ana so a cece shi, ba zuwa ɗaya ba ne, likita zai riƙa dubawa, kuma a wurinka likitan yake. Na kawo hujja ta ƙare, na kawo kuka, ya bar ni na gama. Sai a lokacin na gane ya daɗe da yanke shawara, ni yake jira in iso. Ashe ni ce ban shirya ganin gidan nan a kulle ba.

Saboda haka ka zo ka ɗauke shi. Ka yi nasara, amma na san ba irin wadda ka so ba ce, kuma ban riƙe ka da komai ba.

Ga abin da za ku kula da shi. Inda aka ajiye masa kofi da takalmi, a bar su a nan, kada Anti ta ce za ta gyara ɗaki. Ku yi magana kafin ku taɓa shi. Kada a ja shi da hannu, ba ya so, ka ba shi kafaɗarka ya dafa. Maganin ido safe da yamma, zai ce ya ɗiga, ka ɗiga masa da kanka. Maganar 'yan haya kuma a bar ta sai shi ya tayar da ita. Gidan ina nan, zan kula da shi.

Jiya da yamma ana yayyafi muna zaune, sabon kwanon yana amsawa, ya tambaye ni wane irin rufi ne a gidanka. Na ce ai bene ne, siminti ne a samanku, akwai ma wasu mutane a kanku. Can ya ce to shi ta yaya zai san an yi ruwa.

Don Allah, Yaya, duk ranar da aka yi ruwa, komai kake yi ka ajiye, ka shiga ɗakinsa ka gaya masa.

Allah ya kawo ka lafiya. Ka gaida Anti, ka ce na bar mata amana.

Ƙanwarka,
Auta